Haki a Gaban Suruki

Da gemuna da hulata aka tsayar da ni gaban jama'a a Dutse aka koya mini haki. Bita aka kira mu, mu malaman aji ɗaya na makarantun firamaren yankinmu, aka sauke mu a wani masauki a Takur, kullum da safe mu taka zuwa ɗakin taro. Ni daga wani ƙauye nake kusa da Aujara, kuma a lokacin na kwana biyu ina koyarwa, har ina ganin babu wani sabon abu da za a nuna mini game da allo da alli.

Wadda ta koyar da mu mace ce 'yar siririya, ga murya kamar ta mutum uku. Ta rubuta "hula" a allo, ta nuna ni, ta ce in karanta yadda nake koya wa yara, harafi bayan harafi. Na gyara murya na ce, "Ec, yu, el, e."

Ta ce, "To Malam, ina hular take a cikin abin da ka faɗa?"

Aka fashe da dariya, ni kuwa na ji haushi, don gaskiya ta faɗa. Shekara da shekaru muna sa yara su rera sunayen haruffa da Turanci, sannan mu yi mamakin yadda suka kasa karanta Hausar da suka tsotsa a nono. Ta ce yaro ba sunan harafi yake bukata ba, sautinsa yake bukata, kuma kowane sauti a haɗa shi da motsin jiki don ya zauna masa. Idan "m" ne a shafa ciki kamar an ci miya mai daɗi. Idan "s" ne a lanƙwasa hannu ya yi tafiyar maciji. Idan "r" ne a murɗa hannun babur. Da aka zo kan "h" sai ta sake nuna ni.

"Malam, ka taɓa bin akuya da gudu?"

"Na taɓa."

"To nuna mana yadda numfashinka ya koma da ka kama ta."

Na dafa gwiwoyina, na buɗe baki, na yi haki. Wani daga baya ya ce ai wannan kare ne ba mai akuya ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma na ga kowa ma layinsa na zuwa, sai na daure.

Ƙa'idar aikin ba ta da wuya a faɗa. Malami ne zai fara yi, da ƙarfi, da dukan jikinsa. Sai a yi tare. Sai yara su yi su kaɗai. Daga nan a haɗa sauti da sauti har kalma ta fito. Kuma kullum ne, da safe, ba fashi. Sun ce an gwada hanyar a wurare da yawa, an auna, an ga tana aiki. Ni wannan bai dame ni ba, don ba a taɓa kawo mana sabon abu an ce ba ya aiki ba.

Amma gani ya kori ji. Kafin shekara ta raba, yaran ajina sun fara damun mutane. Ba su bar rubutun jikin shago ba, ba su bar na buhun taki ba. Ranar kasuwar Jahun idan babbar mota ta ratsa ta garinmu, sai ka ga sun bi ta a guje suna haɗa abin da aka rubuta a bayanta, sauti bayan sauti, har ta ɓace musu. Wata uwa ta aiko mini da ƙwaryar gyaɗa, ta ce 'yarta ce ta karanta mata yadda ake shan maganin da aka ba ta a asibiti. Tun da na fara aiki ban taɓa jin daɗin koyarwa irin na shekarar nan ba.

A lokacin akwai wata farar mota da takan zo mana jefi-jefi. Jami'a za ta sauko, ta zauna a bayan aji ta kalli darasi, bayan an tashi ta ce nan ka yi daidai, nan ka yi sauri. Muddin motar nan na tsaye a ƙofar makaranta, haki aikin hukuma ne, babu mai yi maka dariya. Daga baya wa'adin shirin ya ƙare. Babu wanda ya zo ya ce mana a daina, motar ce kawai ta daina zuwa. Katunan haruffa suka koɗe, gara ta ci wasu. Aka yi wa wasu malaman da muka je bita tare canjin wurin aiki, aka kawo waɗanda ba su taɓa jin labarin ba. Waɗanda suka rage kuma, ɗaya bayan ɗaya, suka koma gidan jiya, a cika allo da rubutu a ce "ku maimaita", a ce "ku kwafa".

Ni ban koma ba, kuma ban yi shiru da bakina ba. Ina da saurin fushi, kowa ya sani. Da abokin aikina na ɗaya ajin ya ce mini, "Malam, da ana zuwa gani muke yi, yanzu wa za mu yi wa?" sai na ce masa ashe shi mota yake koyarwa ba yara ba. Muka yi kwanaki ba ma gaisawa sosai. Daga nan suka sa ni a gaba da tsokana. Idan na shigo ofis, maimakon su ce ya aiki, sai su ce, "Malam, ya haki?" Ni kuma in ce, "Haki da godiya." Ina jin kaina jarumi. Abin da ban lissafa ba shi ne ajina yana can ƙarshen makaranta, tagarsa na kallon gonakin gero, babu mai jin ihuna sai awaki.

Wata iska ta ƙarshen damina ce ta tona mini asiri. Ta ɗauke rufin ajina ɗungurungum ta jefa a gonar mutane, ana gab da komawa makaranta bayan hutu. Hedimasta ya ce kafin a gyara a mai da aji ɗaya ɗakin da ke jikin katanga ta bakin hanya. Katangar ta daɗe da zubewa a daidai wurin. Tagar ɗakin kuwa tana kallon wata darbejiya, a ƙarƙashin darbejiyar akwai dakali, a kan dakalin kuma surukina ne yake zama.

Surukina babban malami ne a garinmu, gidansu gidan karatu ne tun kakanni. Idan ya sallami yaran allo da safe, sai ya fito da buzunsa kan dakalin nan, dattawa su kewaye shi suna ɗaukar karatun littattafai har azahar. Shi ya ba ni 'yarsa ba tare da ya ja mini rai ba. Tun daga ranar ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa dariya ya ga haƙorina ba. Daga nesa nake cire takalmi, in durƙusa, in gaishe shi idona a ƙasa. Idan na hango shi a hanya kuma akwai lungu, lungun nake bi. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba. Idan zance ya biyo ta kaina sai ya ce "malamin boko".

Ga kuma abu na biyu. 'Yata ta fari tun da aka yaye ta take gidansa, shi ya riƙe ta, yana kiranta uwargida, tana ja masa gemu tana cewa ta sake shi. Ni ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban mutane, haka muka taso muka ga ana yi da ɗan fari. A shekarar nan ce ta shiga aji ɗaya, aka zaunar da ita a layin gaba.

Safiyar farko na rubuta "s" a allo, na ɗaga hannu zan yi maciji, sai idona ya faɗa ta taga. Ga farin gemu, ga rawani, ga dattawa sun sunkuyar da kai yana fassara musu. Hannun nan da ya tashi zai yi maciji sai ya zarce kan hulata, na gyara ta, na sauke shi. Yara suka zuba mini ido suna jira.

Ba nan take na sallama ba. Na rufe taga, sai ɗakin ya yi duhu, yara suka fara gumi, kuma murfin ma ɗaya ne, ɗayan ya karye. Na gwada yi a hankali, ƙasa-ƙasa, amma sautin da aka yi da raɗa na layin baya ba sa ji, na gaba kuma su ma sai su rama da raɗa, ajin ya koma kamar gidan makoki. Na ce su yi motsin ni in tsaya, to sababbin yara ne, ba su taɓa gani ba, kuma hanyar gaba ɗaya a kan malami ya fara take tsaye. Shafa ciki da murɗa babur na ɗan taɓa su a gurguje idan na ga ya juya baya. Amma in dafa gwiwa, in buɗe baki, in yi hakin kare, mahaifin matata yana karanta hadisi taku kaɗan daga inda nake, wannan jikina ya ƙi. Na ce bari in jira ranar da zai yi tafiya. Mutumin da ba ya zuwa ko'ina sai masallaci da jana'iza.

Sannu a hankali na tsinci kaina ina cika allo da kalmomi, rana, ruwa, gida, hula, ina nunawa da sanda suna rerawa. Murya ce ta mutunci, irin wadda kowane dattijo ya san makarantar boko da ita. Na ce wa kaina na ɗan lokaci ne, kafin a gyara rufi. Rufi kuwa yana nan a gonar mutane, har an fara shanya kuɓewa a kansa.

Abokin aikin nan nawa bai bar ni ba. Ya leƙo ajina wata rana ya tarar ana "ku maimaita", ya yi murmushi ya ce, "Malam, barka da dawowa cikin mutane." Na ci gaba da nuna allo da sanda. Idan na yi, kunyar suruki. Idan na bari, kunyar bakina da ya yi wa mutane gori. Na zaɓi wadda na ga zan iya ɗauka, na riƙa shiga ofis a makare don kada a tambaye ni ya haki.

Haka zango ɗaya ya wuce, na biyu ya yi nisa, zafi ya shigo. Yaran sun iya rerawa, rubutunsu kuma tsaf. Amma ni na san yadda ake gane mai karatu da mai hadda, an koya mana. Sai ka goge allo, ka rubuta kalma ɗaya tak, ka kira yaro shi kaɗai. Na daɗe ina gudun yin haka. Ranar da na yi, na bi su ɗaya bayan ɗaya, na bar 'yata a ƙarshe. Na rubuta "hula". Na ce, "Ke, taso."

Ta taso. Ba ta kalli allo ba, fuskata ta kalla, tana neman amsar a can. Sannan ta ce, "Rana."

Ita ce kalmar farko a jerin da muke rerawa. Na ce ta koma ta zauna. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ga shi ni na koya wa 'ya'yan mutane bin mota da karatu, tawa ta kasa haɗa haruffa huɗu, kuma ba ita kaɗai ba, kusan duk ajin haka suke. Na san dalili, na san magani, maganin yana cikin ƙirjina, na kasa fito da shi.

Ba a yi mako ba, matata ta dawo daga gidansu da la'asar. Ta zauna tana tsinke zogale, ba ta dube ni ba ta ce, "Baba ya ce a tambaye ka ko lafiya."

"Lafiya lau. Me ya gani?"

"Ya ce ajin naku ne ya ji ba kamar yadda ake ba shi labari ba."

Na taso mata da faɗa, wai wa yake kai labarin ajina gidansu. Ta bari na gama, don ta san halina. Sannan ta gaya mini abin da ya faru. 'Yar wanta, wadda ta yi ajina bara, tana karanta rubutun jikin kalanda a zaure, sai Baba ya ce uwargida ma ta karanta. Ta kasa. Ita kuma waccan ta shiga yi mata gori, tana nuna mata maciji da babur, tana cewa ai babanki ne ya koya mana. Tawa ta fashe da kuka ta ce ƙarya ne, babanta ba ya irin wannan. Sai Baba ya ce wa babbar ta nuna masa motsin gaba ɗaya, daga farko har ƙarshe.

Na ce, "Har da..."

Ta ce, "Har da shi. Ta dafa gwiwa ta zaro harshe."

Ban taɓa koya wa kowa zaro harshe ba, yara ne suka ƙara abinsu. Amma wa zan yi wa wannan bayani? Abin da na ɓoye wata da watanni, na sayar da karatun aji guda don in ɓoye shi, ga shi an yi masa a tsakiyar zaurensa da sunana a kai. Na tambaye ta me ya ce. Ta ce ya dai tambaya ko tagar da ke kallon darbejiya ita ce tamu.

Washegari na shiga aji. Na saci kallon taga. Dakali babu kowa. Na ɗauka ko ba ya jin daɗi ne, don yana fama da ciwon ƙirji, sai na yi "ku maimaita" ɗina na tashi. Kashegari ma babu kowa. Da aka fita hutun kalaci na kasa haƙuri, na zaga ta ƙofar gidansa kamar mai wucewa.

Takalman dattawa ne jibge a bakin zaure. Zauren ƙarami ne, rufin kwano, taga ɗaya kamar tafin hannu, kuma lokacin bazara ne, irin zafin da ko kaza ba ta yawo. Na hango shi ta ƙofa. Ya cire rawani, gumi ya jiƙa masa riga, wani dattijo yana yi masa fifita. Yana karanta layi ɗaya ya tsaya ya ja numfashi, bakinsa a buɗe, kafaɗunsa na hawa da sauka. Haki yake yi na gaske.

Na sha jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta ranar nan ba. Tsoho mai ciwon ƙirji ya bar inuwar da yake zama tun kafin a haife ni, ya kwashi dattawan gari ya shiga cikin zafi, don ƙaton banza ya samu sararin yin aikin da aka ɗauke shi ya yi. Kuma ba zan iya zuwa in ce na gode ba, ba zan iya cewa ya dawo ba, don duk wanda na faɗa na ambaci abin da mu biyu muke yi kamar ba mu sani ba.

Na koma aji tun ba a kaɗa ƙararrawa ba. Na tura murfin taga har ya bugi bango. Na goge allo, na rubuta "h" babba, na dafa gwiwoyina, na yi haki da iya ƙarfina. Yara suka kwashe da dariya har wasu na faɗuwa daga benci. 'Yata ba ta yi dariya ba. Ta buɗe baki tana kallona kamar yau ta fara ganina, sai da na ce mu yi tare sannan ta dafa nata gwiwoyin.

Daga ranar ban ƙara fashi ba. Na matso da darasin farkon safiya, na daina jan sa, don kowane jinkiri nawa gumin wani ne. Abin da na lura da shi daga baya shi ne, ina ajiye alli, yara na yin shiru, sai in ga an fito da buzu an shimfiɗa a kan dakali. Babu agogo a zauren nan. Da kunne yake sanin na gama. Ashe tazarar zaure da taga ba ta fi ta dakali da wani abin kirki ba, duk abin da nake yi yana ji. Fuskarsa kawai ya ɗauke mini.

Ni na bi iyayen yara gida-gida har aka yi gayya aka mai da rufin tsohon ajina kafin ruwa ya sauka. Ranar da muka koma can ƙarshen makaranta, shi ma ya koma inuwarsa tun da safe. Muka ci gaba da gaisawa yadda muka saba, ni a durƙushe, shi yana kallon gefe. Yaran ajin nan sun karanta, amma a makare, kuma akwai waɗanda watannin da na ɓata suka bi su har aji uku. Ina ganinsu a gari yanzu, sun zama samari, wasu na gaishe ni da girmamawa, ni kuwa na san abin da na rage musu.

Yanzu ni ne hedimasta. Katunan da muke amfani da su da kwali muke yankawa, kuma babu motar da ke zuwa. Duk sabon malamin da aka turo, hanyar ba ta yi masa wuyar ganewa, a yini ɗaya yake ɗauka. Sai bayan wata guda in leƙa in tarar ya koma "ku maimaita". Da ina faɗa. Yanzu sai in zaga in duba abin da tagarsa ke kallo. Wani shagon abokansa ne, wata gidan da ake neman aurenta, wani kuma masallacin da yake limanci. Idan da hali in canza masa ɗaki. Idan babu, in shiga ajin da farin gemuna in fara yi a gabansa, kowa na gani. Har yau duk lokacin da zan dafa gwiwa sai na ji kunyar nan ta taso mini, ba ta ragu ba ko kaɗan.

Surukina ya rasu 'yata tana sakandare a Dutse. Aka je aka ɗauko ta. Bayan an share makoki, ina zaune a tsakar gida, ita da mahaifiyarta suna daga ɗaki suna tuna shi, suna kuka suna dariya. Ba da ni take magana ba, mu ba ma doguwar hira, amma ta san ina ji.

Ta ce a shekarar da take aji ɗaya, kullum bayan la'asar idan dattawa sun watse, sai ya saki asabarin zaure ya ce uwargida ta zo a yi bitar karatun boko. Duk sautin da aka yi a aji ran nan sai sun maimaita. Kuma ba ya yarda ta fara, wai ya ji ƙa'idar ita ce babba ne ke farawa. Ya yi maciji, ya murɗa babur da carbi a hannunsa. Ta ce a "h" kuwa babu mai kama shi, har tana cewa ya fi babanta iyawa, shi kuma ya ce ai shi nasa ba koya ya yi ba.

Mahaifiyarta ta ce, "Shi ne ba ki taɓa faɗa ba?"

Ta ce, "Shi ya hana. Ya ce kada malamin boko ya ji, kunyarsa yake ji."

Na tashi na nemi takalmana, na kasa ganinsu alhali suna gabana. Na fita haka nan, na je na zauna a kan dakalin, karo na farko a rayuwata, har aka kira magariba.